Kwana biyu a bakin tafkin Bosomtwe

Shekarata 11 ina kasuwanci a Kumasi, amma sai bayan Babbar Sallar da ta wuce na taka bakin tafkin Bosomtwe, alhali tsakaninsa da gari bai wuce kilomita 30 da 'yan kai ba. Uwargida ce ta matsa. Ta ce yaran nan ba su san komai na ƙasar da aka haife su ba sai Aboabo da Kejetia da hanyar makaranta. Na ce to wa zai zauna a shago? Ta ce, "Alhaji, ranar da ka kwanta zazzaɓi wa ya zauna?" Ban da amsa.

Motar haya muka shiga zuwa Kuntanase, daga nan muka ɗauki tasi zuwa Abono, ƙauyen da yawancin baƙi ke sauka. Hanya tana ta hawa cikin gonakin koko da agada, ba ka ganin alamar ruwa ko kaɗan, sai ka kai ƙololuwar tudu ka hango shi can ƙasa, zagayayye kamar an girke akushi tsakanin duwatsu. Gangaren yana da tsayi da kwana-kwana. Uwargida salati take yi har muka sauka.

Masana sun ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama shekaru fiye da miliyan 1 da suka wuce ya haƙa wannan rami, ruwan sama ya cika shi. Faɗinsa ya kai kilomita 8, zurfinsa wajen mita 80, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Shi ne kaɗai tafkin Ghana da ba hannun mutum ya tare ba, domin Volta madatsar Akosombo ce ta haife shi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Su kuwa Asante, Tonawa in ji kakanninmu fataken goro, wuri ne mai tsarki a al'adarsu, kuma tun da can sun hana ƙarfe taɓa ruwan. Shi ya sa masuntan wurin ba sa shiga kwalekwale. Wani dogon gungumen itace suke hawa, suna ce masa padua, mutum ya zauna a kai ƙafafunsa cikin ruwa yana tuƙi da hannu ko da ɗan faranti. Autanmu ya tsaya ya fi rabin awa yana jiran ya ga wanda zai kife. Babu wanda ya kife.

Abin da ke hana yawancinmu irin wannan fita ba kuɗin mota ba ne, abinci ne. A zango ka san wanda ya yanka, ka san wadda ta dafa. Da ka bar zango sai ciki ya ɗuru ruwa, har ka ga mutum ya yi tafiyar kwana biyu da burodi da sadin a jaka. Mu ma da soyayyen naman layya da garin rogo muka zo.

Ga yadda ta kaya. Da rana muka shiga wata rumfar abinci, aka buɗe mana tukwane uku. Ana daka sakwarar rogo da agada a gefe, miya tana ƙamshi. Na tambayi matar cikin guntun Twi ɗina wane nama ne a ciki. Ta dubi hulata ta yi dariya ta ce, "Kramo, wannan ba taka ba ce." Kramo shi ne Musulmi a bakinsu. Tukunya ɗaya gyazbi ne na daji, ɗaya kuma an jefa ƙafar alade mai gishiri don ɗanɗano, abin da ba za ka taɓa ganewa da ido ba. Wannan ita ce tarkon: miyar da aka ce maka ta kifi ce tana iya zama da wani abu a ƙasanta. Ba cuta ake nufi ba, haka suke girkinsu. Idan ka tambaya a fili, ba tare da yatsine fuska ba, gaskiya za a faɗa maka. Sun saba zama da Musulmi tun zamanin da malamai ke rubuta wa sarakunansu wasiƙa da laya.

Ita da kanta ta ce mu bar miya mu ci kifi. Ta aiki yaro bakin ruwa ya karɓo ƙarfasa da aka fito da ita a lokacin, ta wanke kasko a gabanmu, ta zuba sabon mai. Kifin ƙanana ne, wasu ba su fi tafin hannun yaro ba, ana soya su rumus har ƙayar ma a tauna. Aka kawo da dokunu mai ɗan tsami da niƙaƙƙen tarugu da tumatir da albasa a cikin kaskon ƙasa. Wallahi ban tuna rabon da in ci abinci ba tare da waya ta yi ƙara ba. Washegari da safe ta dafa mana agada da doya da miyar ganyen gwaza, kontomire, da manja da kifi zalla. Uwargida ta shiga madafin ta tsaya a kai, ta fito da yadda ake yi. Naman layyarmu rabinsa kyauta muka bayar.

Sai maganar abin sha. A nan bammi ne ruwan baƙo. Kwakwar manja ake sarewa a kwantar da ita, a huda wuyanta, ruwan yana ɗiga cikin tulu. Da sassafe zaƙi ne da shi, kafin yamma ya yi tsami ya fara bugarwa, kuma daga shi ake tace akpeteshie mai ƙarfin nan. Wani dattijo ya miƙo mini ƙwarya yana cewa na safe ne, ko yaro zai sha. Na san akwai 'yan uwa da ke faɗin haka. Ni dai ban ga wanda zai nuna mini sa'ar da ya tashi daga ruwan itace ya koma giya ba, don haka na dafa ƙirji na yi godiya na ce addinina ne. Bai ji haushi ba. Ya sa aka fasa mana ɗanyar kwakwa huɗu muka sha, aka kuma tsinko wa yara ƙwallon koko suka tsotse farin da ke jikin 'ya'yan. Soɓo ma akwai, sobolo suke ce masa, da citta mai yawa.

Dattijon nan masunci ne a da. Ya ce a ƙuruciyarsa kifin ya fi haka girma, yanzu masu kamawa sun yi yawa, ragar ma idonta ya ƙanƙance, ba a barin ƙanana su girma. Ɗan kasuwa ya san wannan lissafi: ana cin uwa ana zaton riba ce. Na dubi farantina na ji ɗan nauyi, amma fa na cinye.

Wanda zai je ya kauce wa lokacin Ista da manyan ranakun hutu, domin samarin Kumasi kan cika bakin ruwan da kiɗa da kwalabe, ba wurin iyali ba ne a ranar. Tsakiyar mako ya fi. A tafi da tabarmar salla da buta, a kuma riƙe yara da kyau, ruwan yana da zurfi. Ban ga mai shayi ko mai tsire ko ɗaya ba a inda muka sauka, kuma baƙi suna zuwa kullum. Tun a mota nake lissafin kuɗin tebur da gawayi, har uwargida ta ce, "Alhaji, hutu muka zo."