Watan Bhadrapada a Indiya: kiɗa a farko, tuna iyaye a ƙarshe

Wata na shida a lissafin mabiya addinin Hindu shi ne Bhadrapada, mutanen arewacin Indiya kuma suna taƙaita shi su ce Bhadon. Yana kamawa tsakanin Agusta da Satumba, lokacin da damina ta fara ja da baya, shinkafa ta yi kore shar a fadamu. Ba ya zagaya shekara kamar watanninmu na Hijira, domin kusan duk bayan shekara uku sukan ƙara wata guda don lissafin ya ci gaba da tafiya tare da damina da rani.

Mata ne ke buɗe hidimar watan. Ran uku ga hasken wata suna azumin Hartalika Teej, da yawansu ko ruwa ba sa kurɓa har gari ya waye, suna roƙa wa mazajensu tsawon rai. A Nepal ma ana yi, mata sanye da jajayen kaya suna tururuwa zuwa wurin bautar Pashupatinath a Kathmandu.

Kashegari sai bikin Ganesha, abin bautar nan mai kan giwa da duk mai kallon fina-finan Indiya ya sani. A da cikin gida ake yin sa. Bal Gangadhar Tilak, ɗan gwagwarmaya kuma mai jaridar Kesari, shi ya fito da shi kan titi a Pune tun daga 1893, saboda Turawan mulkin mallaka na Ingila suna takura taron siyasa amma suna ɗaga ƙafa ga na addini. Masana tarihi sun kuma nuna cewa bayan rikicin Hindu da Musulmi da aka yi a Bombay (Mumbai ta yau) a shekarar, an so a janye Hindu daga jerin gwanon Muharram da suka saba shiga. Yau a Mumbai kowace unguwa da rumfarta ta gunkin Ganesha. Wadda ta fi suna ita ce ta Lalbaug, da aka fara a 1934, inda mutane ke kwana a layi don su ga gunkin.

A kwanakin bikin ne, ina baƙo a can, maƙwabtan masaukina suka aiko mini da modak, ƙullin garin shinkafa da ake cusa wa kwakwa da mazarƙwaila a turara. Na tsaya ina jinjinawa, don na san shi ake ajiyewa gaban gunki. Tsohuwar gidan ta gane. Ta sa jikanta ya gaya mini: “Ɗana, ci abinka, naka na ware tun a tukunya, bai je gabansa ba.” Wannan lura tata da addinin baƙo ta shiga raina ƙwarai.

Bautar gunki kam ba abin da zuciyar Musulmi za ta karɓa ba ne, kuma ko an ajiye wannan gefe akwai abin ƙi. Ran goma sha huɗu ga wata ake ɗaukar gumakan da ganguna a kai su teku a Girgaon Chowpatty da ke Mumbai a nutsar, ana kiran Ganesha ya dawo da wuri baɗi. Da yawansu da filasta aka yi su, ga fenti mai guba, ba sa narkewa kamar yumɓu. Washegari bakin teku ya cika da karyayyun hannuwa da tarkace. Hukumar yaƙi da gurɓata muhalli ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar hana filasta a 2020, amma masu sana'ar suka yi ta ja, maganar ta yi ta yawo a kotu.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne abin da ke biyo baya. Hasken wata na cika sai a shiga Pitru Paksha, mako biyu na tuna mamata. A jihar Maharashtra da kudu ana lissafa shi cikin Bhadrapada, a arewa kuma cikin watan da ke bi masa, amma ranakun ɗaya ne. Ba a ɗaura aure, ba a tarewa a sabon gida, da yawa suna barin nama da sayen sabon kaya. Kowane gida yana duba ranar watan da mahaifinsu ya rasu, a ranar babban ɗa zai yi wanka, ya dunƙula dafaffiyar shinkafa da baƙin riɗi, ya zuba ruwa yana kiran sunan uba da kaka da kakan uba. A ciyar da malaman addininsu da mabuƙata, a ware wa saniya da kare da hankaka rabonsu. Na ga magidanci da furfura tsaye a kan soro riƙe da faranti yana jiran hankaka ya sauka, don a wurinsu cin hankaka alama ce ta cewa sadakar ta isa.

Mai hali yakan tafi Gaya a jihar Bihar, bakin kogin Falgu kusa da wurin bautar Vishnupad. Malaman garin suna riƙe da manyan littattafai na zuriya. Mutum ya faɗi ƙauyensu da danginsu, a buɗe masa shafin da kakansa ya sa hannu lokacin da shi ma ya zo yi wa nasa iyayen.

Aƙidarsu daban, tamu daban, amma na yi sha'awar yadda suka ba iyayen da suka rasu gurbi a cikin shekara. Mu muna da addu'a da sadaka mai gudana da ziyarar maƙabarta, hanyoyin da addini ya buɗe mana a kowane lokaci. Sai dai sau da yawa daga an yi sadakar uku da bakwai da arba'in, an raba gado, shi ke nan. Matasanmu nawa ne za su iya kawo sunan kakan ubansu? A can yaro ɗan shekara goma yana jin sunayen nan uku daga bakin mahaifinsa duk shekara, har ya haddace.

Wanda bai san ranar da nasa suka rasu ba, an ware masa ranar ƙarshe, ranar da wata ke ɓuya, ya yi wa dukkansu a haɗe. Kashegari ake fara wani biki, Navaratri, masu shaguna su sake baje sababbin kaya.