Goran Irin Iya

A ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uba, akwai wani tsohon gora da ke rataye a jikin azara, daidai inda hayaƙin murhu ke bi ya fita. Ya yi baƙi ƙirin, yana warin toka da hayaƙin kara. Ba a taɓa shi sai bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas. A lokacin ne za ta sa a sauko mata da shi, ta shimfiɗa tabarma a inuwar tsamiya, ta zazzage shi a faifai, mu kuma jikoki mu kewaye ta.

Ƙulle-ƙullen tsumma ne a ciki, kowanne an birkiɗa shi da toka saboda ƙwari. Babu rubutu ko alama a jikinsu, ga shi idonta ya fara rauni, amma da ta murza ƙwaya tsakanin yatsu za ta faɗi sunanta. Irin alayyafo ƙanana ne baƙaƙe masu sheƙi, suna zamewa a tafin hannu. Na kuɓewa dunƙulalle ne, toka-toka. Na kabewa fari ne mai faɗi, na zogale kuwa da fukafukansa uku. Inda muke rikicewa shi ne tsakanin gurguzun yakuwa da irin rama, don kusan kamarsu ɗaya. Ita sai ta ce, "Ku taɓa mana, na rama kusurwarsa ta fi tsini." Mu yi ta taɓawa har ta ce mun isa, kada mu ƙarar mata da tokar.

Akan sami ƙullin da ita ma za ta juya, ta shinshina, ta ce, "Wannan baƙo ne." Wata amarya ce ta zo da shi daga garinsu, ko wani bafatake ya bar mata, ta manta. Ba ta zubar da irin wannan. Takan ɗibi 'yan ƙwayoyi ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye a gindin randa inda sanyi da laima ba sa yankewa. Wanda ya fasa baki sai ta mayar da shi cikin fasasshiyar tukunya da ƙasa da ɗan taki. Ganye biyu na farko ba ta kula su, ta ce ba sa nuna dangi, sai na ukun ya fito a ga yankansa, a murza a ji ƙamshi. Abu ɗaya ta haramta mana: kai baƙon iri baki. Takan nuna mana 'ya'yan zurman masu kyan zane, da na zaƙami, ta ce kyan ƙwaya ba ya hana ta kisa.

Akwai shekarar da wani gyauro ya fito a gefen rijiya da ganye ɗaya-ɗaya, gida ya rabu biyu a kansa. Baffanmu ya ɗauko fartanya ya ce ciyawa ce. Iya ta ce, "Dakata, ɗan nan." Ta tona gefensa da yatsa, sai ga saiwa ta kumbura. Ta ce kuka ce. Aka yi ta dariya, don kowa ya san ganyen kuka mai yatsu biyar ne. Ashe ƙaramar kuka da ganye guda take farawa, sai ta tasa yatsun ke rabuwa. Baffa ya mayar da fartanyarsa ya yanko ƙaya ya kewaye ta.

Masu taurin kai su ne 'ya'yan itatuwa: kuka, bagaruwa, gawo, kalwar ɗorawa. Ɓawonsu ba ya barin ruwa ya shiga, shi ya sa ƙwaya kan kwana a ƙasa wata da watanni, wata har damina ta wuce ba ta motsa ba. Iya na da hanya biyu. Ko ta tafasa ruwa ta sauke shi daga wuta, ta zuba a kansu a ƙwarya ta bar su su kwana. Da safe ta tsince waɗanda suka kumbura ta shuka, sauran ta sake musu. Ko kuma ta ba mu mu goga a dutsen niƙa, ta gefen da ba cibiya, har farin ciki ya ɗan leƙo. Har yanzu kunnena na riƙe da ƙarar gugar nan, ƙur-ƙur, haɗe da sautin daka daga maƙwabta. Takan ja kunnenmu cewa a sauke ruwan tukuna, don kalwar da ta dahu a wuta ta zama ta daddawa, ba ta ƙara tsira.

Gawo kuwa, ta ce ba mai shuka shi kamar akuya. Ta ci kwanson da rani, ƙwayar ta bi cikinta ɓawon ya yi laushi, ta ajiye ta a gona da takinta a shirye, ba ta nemi ladan aiki ba. Bayan farin 1973, da aka fara yawaita wuraren renon itatuwa da baƙaƙen ledoji a jere, wani ma'aikacin gandun daji ya gaya mini su ma ruwan zafi suke amfani da shi, wani lokaci ruwan asid, don su yi abin da cikin akuya ke yi. Shi ne kuma ya nuna mini cewa darbejiya tata daban ce: irinta ba ya jira, in ya yi 'yan watanni a ajiye ya mutu.

Yau iri a fakiti yake zuwa, da hoto a jiki, an rina shi da magani ja ko kore. Yana tsira da kyau, yana ba da amfani, ba na musun haka. Sai dai wani daga ciki irin aure ne, in ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi ba lallai su ɗauko uwar ba, dole ka koma kasuwa. Kuɓewar Iya kuwa mai gajeren ɗa da yauƙi, wadda ta zo da ita ɗakin miji, na neme ta a lambuna ban ƙara ganinta ba. Goran ma ya ɓace a shekarar da aka rushe ɗakin aka yi na siminti. Ba wanda ya yi da mugun nufi, shara aka ɗauke shi.

Jikokina sun san ɗanɗanon 'ya'yan kuka a nono, amma in na nuna musu ƙwayar da suka tsotse suka tofar na ce itace ce a ciki, sai su dube ni da mamaki. Duk wanda ya tarar da ƙullin tsumma a ɗakin tsohuwarsa, don Allah kada ya kai juji. Ya jiƙa kaɗan ya ajiye a gindin randa, mai taurin ya goga masa dutse, ya jira ganye na uku. Sauran kuma ya kai wa tsofaffin unguwa tun suna nan su faɗa masa sunansu.