Ya Yi Kuka?

Kakata ungozoma ce a Tambuwal. Duk gidan da ta isa bayan mai naƙuda ta riga ta sauka, kafin ta ajiye rezarta tambaya ɗaya take yi: "Ya yi kuka?" Da ina yaro na ɗauka tsegumin tsofaffi ne. Sai da muka kai babin jana'iza a Risalar Ibn Abi Zaid na gane. A mazhabar Malikiyya, jinjirin da bai yi kukan haihuwa ba, ba a yi masa salla, ba ya gado, ba a gadonsa.

Tambayar ta dawo mini ranar da aka tsinci gawar jinjiri a bayan wani gida a unguwarmu. Yarinyar ta ɓoye cikin, ta haihu ita kaɗai da tsakar dare. Ta ce wa 'yan sanda ya fito ba ya motsi. Kafin azahar majalisarmu ta gama yanke mata hukunci, kuma muryata ta fi ta kowa tashi.

Wani lauya a cikinmu ne ya ce mu yi a hankali. Ba a kama mutum da laifin kisan kai sai an tabbatar akwai ran da aka ɗauke, kuma mai gabatar da ƙara ne zai kawo hujjar an haifi jinjirin da rai. Ɓoye haihuwa laifi ne, amma daban yake, hukuncinsa bai kai nan ba.

To ina hujjar? Tun wajen 1681 a Jamus likitoci ke jefa huhun jinjiri cikin ruwa: in ya taso, wai ya shaƙi iska. Sai dai ruɓa ma tana cika huhu da iska, haka hura masa numfashi a baki. Ka ɗora wannan a kan zafin bazarar Tambuwal, da tafiyar kusan kilomita 100 zuwa Sakkwato inda masu binciken gawa suke. Wannan jinjirin ma ba a kai shi ko'ina ba, kafin la'asar an rufe shi.

Da dare na ba Kaka labari, ina jiran ta tsine wa yarinyar. Ta daɗe tana jan carbi.

"Maigidana, kai ka ji kukan?"

Na ce a'a.

"Wa ya ji?"

Na lissafa gidajen da ke jikin katangar ɗaya bayan ɗaya. Kowa barci yake yi.