Allon da ba wanda ya tsaya masa

Raspberry Pi ya fito a 2012, kwamfuta cikakkiya a kan allo guda mai girman katin banki, kuɗinta dala 35. Dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa ba! Bayansa irin su Orange Pi suka biyo daga Sin, sun ma fi araha. Wutar da suke ci kaɗan ce, ɗan fano na sola ya ishe su. Shi ya sa mu ƴan kulob muka sayi guda, mu zuba masa littattafai da ƙamus, ƴan lise su riƙa karantawa ba sai da intanet ba.

Ni harsuna nake karanta, abokina ne mai infomatik. Shi ya fahimtar da ni inda gizo ke saƙa. Cikin Linux akwai ƙwallo, kamar na mangwaro, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Shi ne ke magana da ƙarfe. A babbar kwamfuta, kayan ciki sukan gabatar da kansu, kowa ya ce ga ni. A ƙananan allunan ARM kuwa, yawancinsu shiru suke, kamar baƙon da bai yi sallama ba. Sai wani ya zauna ya rubuta fayil da ake kira bishiyar kayan aiki: ga inda katin ajiya yake, ga agogon da ke kora shi, ga ƙafar da ke kunna ƴar fitila. Kowane abu kuma yana bukatar tafintansa, wato direba. Adireshi ɗaya ya kuskure, allo ya yi tsit.

Namu yana da guntun Allwinner H3. Irin waɗannan alluna da ƙwallo mai lamba 3.4 aka fara sayar da su, na 2012, wanda aka daɗe da daina yi wa gyara. Abin da ya cece su, ƴan sa-kai ne na linux-sunxi, da suka bi kayan ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta, aka duba, aka mayar musu, suka sake, har aka karɓa cikin babban Linux. In an karɓi allo can, duk sabon fitowa, kusan kowane sati 9 ko 10, da shi ake tafiya.

Wallahi wannan aiki na san shi. Haka muke zama da tsoho muna tambayar jam'in kalma, muna sa alamar karin sauti. Bambancin guda ne: harshe yana rayuwa a bakin mutane ko ba a rubuta shi ba, allo kuwa in ba a rubuta ba, ya zama tarkace.

To ƴan uwa, mu da kuɗinmu na bursu ne, kafin ku sayi allo don arha, ku tambaya ko babban Linux ya san da shi. Araha ba ta ado.