Birnin da Ruwa Ba Ya Ɗaukewa

8 ga Yuni, Agege
Ruwa tun asuba. Ɗakin Kawu, rufin kwano, ba mai jin maganar wani. Taswirar birnin labarin da nake rubutawa a shafi na uku, rabinta teku. Shekarar labarin 2060. Suna babu har yanzu.

9 ga Yuni
Na sake kallon Blade Runner na 1982 a waya. Los Angeles ɗinsu ta 2019: yayyafi, fitilun talla, jama'a da laima. Kyau kam akwai. Amma ban ga wanda ya kwana yana kwalfe ruwa daga ɗakinsa ba. Ruwansu na ado ne. Nawa dole ya jiƙa katifa, ya hana tufa bushewa, ya sa wa yaro tari.

11 ga Yuni
Ta gadar Third Mainland. Cunkoso, kusan awa biyu. Makoko a ƙasa: gidajen katako bisa turaku, kwalekwale, hayaƙin bandar kifi. Nan Kunlé Adeyemi ya gina makarantar nan mai shawagi a 2013, ta rushe a Yunin 2016 bayan ruwa mai ƙarfi.
Da la'asar, Eko Atlantic daga nesa. Yashi aka yaso daga teku aka yi fili, aka kare shi da katangar duwatsu. Abin da ya tsaya min a rai: ruwan da katanga ta kora, ƙofar wa zai je?
Birnina ya rabu biyu yau. Masu katanga, da na bayan katanga. Na rubuta shafi shida ban ɗago ba.

12 ga Yuni
Babu wuta. Babu ko layi ɗaya.

13 ga Yuni
Layinmu ya cika, ruwa har ƙwauri. Sai ga ɗan garuwa yana tura kura, jarkoki goma, leda a ka. Kawu ya sayi biyu. Gari na nutsewa, ruwan sha kuwa sai da kuɗi.
Ɗan garuwan nan shi ne mutumina a labarin. Ba ɗan sanda ba, ba gwanin kwamfuta ba. A 2060 famfunan duk na kamfani guda, ba sa buɗewa sai an ɗora yatsa, kowane ɗigo a lissafe. Shi ya san wani bututu da ba ya cikin taswirarsu. Yadda ya san shi, wannan sai gobe.

15 ga Yuni
Waya ta sha ruwa. Kasuwar Computer Village, Ikeja. Yaro mai gyara ya buɗe ta, ya ce, "Yaya, danshi ne ya ci ta." A rubuta: iskar gishiri, tsatsa. Na'urar birnina ba mai sheƙi ba ce, duk faci ce. Jirage marasa matuƙi ma a naɗe da leda.

16 ga Yuni
Liman ya haɗa magariba da isha'i saboda ruwa. A birnin da ruwa ba ya ɗaukewa fa? Kullum za a haɗa? Sai na tambayi Malam. Masallacin labarin na hawa na tara, ko bisa jirgin ruwa.
Dare. Na karanta duka daga farko, gabana ya faɗi. Legas ce kawai da ƙarin fitilu.

17 ga Yuni
Ban buɗe littafin ba. Inna ta kira, can gida shuka ta fito, ana roƙon ƙari.

19 ga Yuni
Rana ƙwal. Katifu a waje, layi duk shanya. Na zauna da biro har azahar. Jira.

20 ga Yuni
Hadari daga kudu, ƙarfe huɗu. Ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ɗan garuwan bai zo ba, jiya ma haka. Kawu ya kafa bokiti a bakin indararo.
Shafi na 31. Ruwa ya kai matakala ta biyu.