Kaluluwar da Ba Ta da Miki

Fassarar takardun wayar da kan majinyata ta koya mini cewa kalma guda kan firgita mutum, wata kuma ta sa shi sakaci. Na ga haka a bayanin metotireksat, maganin da ake bai wa masu soriyasis, cutar da ke sa fata ta yi kauri tana ɓarewa. Maganin yana lafar da cutar ne ta hanyar rage ƙarfin garkuwar jiki. To, garkuwar nan ce ke danne ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964 cikin sankarar da Denis Burkitt ya bayyana a jikin yaran Yuganda a 1958. Mafi yawan manya suna ɗauke da ita, ta yi lamo cikin fararen ƙwayoyin jini. Idan tsaro ya raunana, a jikin wasu tsirarun majinyata takan sa ƙwayoyin su yi ta hayayyafa har su zama sankara.

Me zan kira kumburin da ke biyo baya? In na ce kaluluwa, Bahaushe zai duba ƙafarsa neman miki, in bai gani ba ya share. In na ce ciwon daji, sai ya yanke ƙauna, alhali a wasu majinyata kumburin kan sace bayan likita ya dakatar da maganin.

Na rubuta "kaluluwar da ba ta da miki", na ƙara da cewa duk mai shan maganin da ya ji ta ya garzaya wurin likitansa, kada ya yanke maganin da kansa.