Gitar da na ƙi taɓawa

Ni kafinta ne a Yamai, shekara 22 ina aikin ƙofa da gado da kujera. A tsakiyar hunturun bara wani Ba'amurke da ke koyarwa a nan ya shigo rumfata da wani dogon akwati. Yana buɗewa sai ga tsohuwar gita, gabanta ya yi tudu kamar bayan ƙwarya, da tsaga biyu masu siffar harafin f maimakon ramin tsakiya da muka saba gani. Ta kakansa ce, wanda ya yi kiɗan jaz. Busasshiyar iskarmu ta sa katakon ya tsage, tsawon ɗan yatsa. Ya ce in manne masa, zai ba ni jaka ashirin.

Wallahi ina bukatar kuɗin. Amma da na ƙwanƙwasa gabanta da yatsa, sai na ji katakon ya amsa kamar kalangu. Tudun nan ba lanƙwasa katako aka yi ba, sassaƙa shi aka yi daga itace mai kauri, tsakiya da ɗan jiki, gefe siriri. Na ce masa, Malam, zauna ka faɗa mini ko mene ne wannan.

Ya ce Orville Gibson ne ya fara sassaƙa gita haka a garin Kalamazoo na Amurka, yana koyi da yadda ake yin gogen Turawa. A 1922 Lloyd Loar ya fitar da samfurin L-5 mai tsagar f. A lokacin babu amfani da lantarki a jikin gita, makaɗi kuma yana zaune tsakanin kakaki da ganguna, dole katakon ya yi ƙara da kansa. Da irin wannan gita Freddie Green ya riƙe wa ƙungiyar Count Basie kiɗa kusan shekara 50.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin John D'Angelico. Ya buɗe ƙaramin shago a birnin New York a 1932, ya yi gita 1,164 kafin rasuwarsa a 1964. Kowace sai ya sassaƙa, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ƙara sassaƙa. A 1952 wani yaro, Jimmy D'Aquisto, ya shigo shagon, ya fara da shara da aike. Da maigidan ya rasu, a hannun yaron nan sana'ar ta rage, ya ci gaba da ita har ya rasu a 1995.

Na mayar da gitar akwatinta. Irin waɗannan da gam ɗin fata ake haɗa su, wanda ake narkarwa da ɗumi in ana son buɗewa. Gam ɗina na kanti in ya kama ya kama, zan ɓata wa mai gyaran gaskiya aiki. Na ce ya sassauta igiyoyin, ya sa soso mai ɗan danshi cikin akwatin ba tare da ya taɓa katakon ba, ya kai ta gida wurin masu ita. Ya tafi da jaka ashirin ɗinsa.

Bayan fitarsa na dubi yarona. Shekara uku yana wurina, ban da goge katako da sayo ƙusa ban koya masa komai ba, don tsoron kada ya iya ya bar ni. Na kira shi, na miƙa masa katako biyu, ɗaya ya bushe, ɗaya da saura. Na ce ƙwanƙwasa ka gaya mini wanne za mu yi ƙofa da shi. Ya kuskure na farko. Washegari na ba shi wasu biyu.

Ƴan uwa masu sana'a, ku yaya kuke yi da naku yaran?